Kuɗin aikina ya maƙale, an ce sai na ba da kashi 10. Zunubi ne in na bayar?

Admin, don Allah a sakaya sunana.

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni kafinta ne, shagona yana Sabon Tasha a Kaduna. Wata ma'aikatar gwamnati ta ba ni aikin tebura da kujerun ofis, katakon ma bashi na ɗauko a Panteka. Na kai kaya, an duba, an sa mini hannu a takardar karɓa. Tun daga ranar fayil ɗina ya kwanta a teburin wani jami'i, kullum sai "oga bai zauna ba". Makon jiya ya ja ni bayan ofis inda ake ajiye motoci, ya ce in na ba shi kashi 10 cikin 100 kuɗina zai fito kafin Juma'a. Ya ce kuma aiki na gaba in ƙara farashi a takarda, mu raba abin da ya hau. Mai katako ya dame ni da kira, yaran shago ba su ga ko sisi ba. Gumina nake nema, ba na wani ba. Ku ba ni shawara.

Dattijon ikilisiya daga Narayi: Ɗana, magana biyu ka kawo, kada ka haɗa su. Ta ƙara farashi ba ta buƙatar dogon tunani, sata ce da ƙarya a rubuce, kuma sa hannunka ne zai zauna a kan takardar, ba nasa ba. Ta kashi 10 ita ce mai nauyi. Duba Ayyukan Manzanni 24. Gwamna Filikus ya riƙe Bulus a Kaisariya, yana yawan aika a kira shi don yana sa ran Bulus zai ba shi kuɗi. Bulus ba shi da laifi, 'yancinsa haƙƙinsa ne, ikilisiyoyi kuma da sun iya haɗa kuɗin. Shekara biyu ya yi a tsare har aka sauya gwamna. Na san faɗar haka ba ta yi mini wuya, tunda ba ni mai katako yake kira ba. Amma ranar da ka miƙa kuɗin nan, ka zama abokin cinikinsa, kuma ba zai sake barin fayil ɗinka ya wuce kyauta ba.

Maman 'Yan Biyu, Barnawa: Baba, da girmamawa, ban yarda duka ba. Fitowa 23:8 mai karɓa take gargaɗi, shi ne hanci ke makantarwa. Wannan bawan Allah bai saye kwangilar wani ba, ƙwace ake yi masa da rana tsaka. Yaran shagonsa fa? Hana ma'aikaci ladansa shi ma Littafi ya tsawata a kai. Kada mu ɗora wa wanda aka zalunta laifin azzalumi.

Dattijon ikilisiya daga Narayi: 'Yata, ban ce laifinsu ɗaya ba. Amma kafintan da zai zo bayansa, wanda ba shi da abin bayarwa, shi zai biya kuɗin wannan al'adar.

Wani akanta mai ritaya, Unguwar Rimi: Ɗan'uwa, bar zancen bayan ofis, koma takarda. Rubuta wasiƙar neman biya zuwa ga shugaban ma'aikatar, ka haɗa kwafin takardar ba da aiki da ta karɓar kaya, ka aika kwafi sashen odita. Tabbatar an buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin. Kada ka zargi kowa a ciki, kawai ka faɗi ranar da ka kai kaya. Irin waɗannan jami'an ba abin da suke tsoro kamar wasiƙa mai hatimi, don wani zai tambaye su dalilin jinkiri. Ka kuma sani dokar hukumar yaƙi da cin hanci (ICPC) ta shekarar 2000 ba mai karɓa kaɗai take hukuntawa ba, mai bai wa jami'in gwamnati ma yana iya shan ɗaurin shekara bakwai. In ya sake kiranka, ka ce ya turo maka a rubuce. Ba zai turo ba.

'Yar kasuwa daga Kakuri: Nan gaba kada ka sari katako sai an ba ka kafin alƙalami. Kuma ka je wurin mai katakon da ƙafarka, ka nuna masa takardun, ɓuya ce ke ɓata wa mai bin bashi rai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zancen ƙara farashi dai na rufe shi. Yallaɓai akanta, ban iya tsara irin wannan wasiƙar ba, kuma ina tsoron kada su daina ba ni aiki gaba ɗaya.

Wani akanta mai ritaya, Unguwar Rimi: Yana iya faruwa, ba zan ɓoye maka ba. Karɓi lambata wurin admin, ka zo da takardun gobe bayan sujada, mu rubuta tare.