Neman shawara: Zan iya tsayawa a kotun Maraɗi da lasisina na Najeriya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni lauya ne a Katsina, ban daɗe da fara aiki ba. Wani ɗan kasuwa da nake yi wa aiki ya kai kaya Maraɗi, abokin cinikinsa ya riƙe masa kuɗi. Yana so in bi shi mu shigar da ƙara, wai ai yarjejeniyar ciniki marar shinge ta ƙasashen Afirka, wato AfCFTA, ta buɗe wa lauyoyi iyaka. Gaskiya ne? In haka ne, ke nan lauyoyin waje ma za su shigo mana? Wannan ya fi damuna.

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗauki rigarka ka tafi. An sa hannu kan AfCFTA a Kigali a 2018, Najeriya ta sa nata a Yamai a 2019, kuma aikin lauya na cikin abubuwan da ake tattauna buɗewa. Amma kowace ƙasa ita ke faɗin iyakar abin da ta amince da shi, tsayawa gaban alƙali kuwa dokar gida ke hukunta shi. Ko a nan Najeriya, sai wanda sunansa ya shiga rajistar Kotun Ƙoli. Baƙo sai Babban Jojin Ƙasa ya ba shi izini, shi ma na shari'a guda.

Metir Isufu, lauya a Maraɗi: Gaskiyar Hajiya Hauwa ce. Mu a Nijar dokar kasuwanci ta OHADA muke bi, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta, kuma tana da gajeriyar hanya ta karɓo bashi in akwai shaida a rubuce. Lauyoyin ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, su ne ke da 'yancin aiki a kotunanmu, Najeriya ba ta ciki. Ka tattaro rasit da shaidar tura kuɗi, ka nemi lauya mai rajista a Nijar ku yi aikin tare.

Malam Sani: Tsoronka ba na banza ba ne. A Fabrairun 2024 da ministar kasuwanci ta Najeriya ta ce lauyoyin Birtaniya za su iya aiki a Najeriya, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, NBA, ƙarƙashin Yakubu Maikyau ta yi tsaye har aka janye maganar. Sai dai manyan kwangilolin mai da bankuna a Legas su baƙi ke hari. Ni da ina shekarunka, Faransanci da dokar OHADA zan koya, don masu ciniki tsakanin Jibiya da Maraɗi suna da yawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Metir, yaya kuke raba kuɗin aiki in lauyoyi biyu suka haɗu a kan shari'a ɗaya?