Hoton CT bai nuna komai ba, amma likita yana son a yi wa matata MRI: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Matata ta haihu makonni biyu da suka wuce, kuma tun bayan suna take fama da ciwon kai mai tsanani wanda yake ƙaruwa idan ta kwanta, ga amai, ga ganinta yana dishi-dishi. An yi mata hoton kai na CT aka ce ba a ga komai ba, amma likita ya ce yana zargin jini ya daskare a jijiyoyin da suke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa, saboda haka sai an yi hoton maganaɗisu na MRI da wani hoton jijiyoyi da ya kira MRV. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma dangi suna cewa gajiyar jego ce. Tun da hoton farko lafiya lau, shin akwai buƙatar na biyu? Kuma tana shayarwa, ba zai cutar da jaririn ba?

Amsa daga wani likitan hoto:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Ka bi maganar likitanku, kada a kai gobe idan za a iya yi yau. Hoton CT na yau da kullum, wanda ba a yi allurar haska jijiya ba, yakan nuna alamar wannan cuta a kusan mutum 3 cikin 10 ne kawai, don haka fitowarsa lafiya ba ta wanke ta ba. Makonni 6 na farko bayan haihuwa suna cikin lokutan da jinin mace ya fi saurin daskarewa, balle idan akwai ƙarancin jini ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma ciwon kai shi ne alamar da kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar suke zuwa da ita.

Hotunan biyu aikinsu daban. MRI yana nuna gudan jinin kansa da irin ɓarnar da ya yi wa ƙwaƙwalwa, kumburi ne ko zubar jini, shi kuwa MRV yana nuna gudanar jini, a ga daidai inda hanya ta toshe. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne, a kwanaki 5 na farko gudan jinin yakan yi kama da jini mai gudana a hoton MRI, sai daga kwana na 6 zuwa na 15 yake fitowa fari sosai. Haka kuma MRV shi kaɗai yana iya yaudara, domin mutane da yawa an halicce su da babbar jijiyar bayan kai ta ɓangare ɗaya, galibi ta hagu, siririya, sai a ɗauka toshewa ce alhali lafiyarta ƙalau. Saboda haka ku faɗa wa mai ɗaukar hoton ranar da ciwon ya fara.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:

Ɗan'uwa, MRI da maganaɗisu yake aiki, babu tururin da ke cikin hoton CT. Ko da an yi mata allurar haska jijiya ta gadoliniyom, abin da yake shiga nono bai taka kara ya karya ba, kuma ba a buƙatar ta daina shayarwa. A dai sanar da su idan tana da ciwon ƙoda ko wani ƙarfe a jiki. Na'urar tana da ƙara, kuma za ta kwanta ba motsi kamar minti 30 zuwa 45, don haka ta shayar da jaririn kafin ta shiga. A riƙa auna hawan jininta ma, domin jijjigar haihuwa tana iya zuwa bayan an sauka. Idan ta yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko maganarta ta rikice, a wuce sashen gaggawa nan take.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Matsalar ita ce babu na'urar MRI a garinmu, sai mun yi tafiya mai nisa.

Likitan hoto:

To ka tambayi likitanku ko za a iya yin CT na jijiyoyi tare da allurar haska jijiya, domin yana gano toshewar sosai kuma cikin 'yan mintuna ake gamawa. Idan ya tabbata, ana fara maganin hana jini daskarewa da allurar hefarin, sannan a koma kan ƙwayar wafarin ta wata 3 zuwa 12, kuma dukkansu mai shayarwa tana iya amfani da su. A binciken ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2004 a kan marasa lafiya 624, kusan kashi 80 cikin 100 sun warke sarai ko kuma 'yan ƙananan alamu kawai suka rage musu. Idan dole sai an yi tafiyar, ku karɓi takardar turawa daga likita, ku tafi da hoton CT ɗin farko domin a kwatanta.