Allura ko shago? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, ta wajen Ƙofar Kuyambana, shekarata 28. Tun ina ɗan shekara 11 nake zaune a zauren kakana ina koyon ɗinkin hannu na babbar riga. Shi ya koya mini adon riga irin su aska biyu, aska takwas da tambari, har da yadda ake zana su a jikin shadda kafin allura ta taɓa. Ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Akwatin zanensa yana hannuna, takardun sun yi ja don tsufa.

Ga damuwata. Riga ɗaya mai aska takwas tana cin mini wata biyu, daga hantsi zuwa la'asar. Dillali ya kai ta Kantin Kwari a Kano, abin da zai dawo mini da shi, in an cire zare da kuɗin bugu, bai isa cefanen wata guda ba. Injin kwamfuta kuwa yini ɗaya ya fitar da irinta. Ga idona ya fara, da yamma sai in ga zare ya zama biyu.

Kawuna ya ce in koma shagonsa na kayan babur a Sabon Gari. An kuma sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Wallahi ina son aikin nan, in na ajiye allura a gidanmu ya ƙare ke nan. Me zan yi?

Tela, Tudun Wada: Ƙanena, karɓi shagon. Ni ma da hannu na fara, yau keke ke ciyar da 'ya'yana. Amarya ba za ta dafa tambari ba.

Hajiya, Unguwar Alkali: Ɗana, kafin komai je a duba idon nan, kar ka kai sati. Kuma ka daina aiki in rana ta yi sanyi.

Sannan matsalarka dillali ce. Shekara 30 ina ɗinki a cikin gida, mu mata da yawa a birnin nan da shi muka yi wa 'ya'yanmu kayan ɗaki. Sai da na daina ba da aikina a bakin ƙofa na san darajarsa. Mai sayen aikin hannu daban yake da mai sayen na inji. Hakimai da masu sarauta da za su fita hawan Sallah, ko wanda za a yi wa naɗi, juya rigar suke su dubi bayanta, nan ake gane hannu. Su za ka nema, kuma ka karɓi kafin alƙalami kafin ka sayi zare. In ka samu zaren tsamiya na gaske, wato silikin gargajiya, kar ka zuba shi a rigar da ba a san mai ita ba.

Ɗaliba, Samaru: Yaya, akwatin nan ne ya tsaya mini a rai. Don Allah ka ɗauki hoton kowane zane kafin gara ta riga ka. A Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) akwai sashen da ake karantar zanen tufafi, ɗalibai na neman masu irin iliminka. Ka kuma riƙa sa hoton aikinka a Facebook tun yana rabi.

Dattijo, Ƙofar Doka: Na san irin zaurukan nan, da yawa yanzu sun zama shagon caji. Amma kar ka raina kawunka, gata ya yi maka. Ka je ka durƙusa ka roƙe shi ya bar maka safiya zuwa ƙarfe 11, sauran yinin nasa. Riga uku a shekara, amma ta masu ita. Ka gwada daga Sallar nan zuwa ta baɗi, sai ka yi lissafi. Ka kuma jawo yaro ɗaya daga cikin ƙannenka ya zauna kusa da kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je wajen Kawu jiya bayan isha'i. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙarfe 10, ba 11 ba, kuma rigar farko tasa ce, zai biya. Hajiya, Litinin zan je a duba idon. Shin kafin alƙalamin rabi ake karɓa ko kashi ɗaya cikin uku?