Mi ya sa ake dakatar da ɗan wasa don ya ƙi sa rigar bakan gizo?

Ɗan Adar, Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta tashi a fadarmu har shayi ya huce ba mu rabu da ita ba, na ce bari in tambayi masu bin ƙwallon Turai da kyau. A shekarun baya in watan Mayu ya kama, wajen ƙarshen gasar Faransa ta Ligue 1, sai mu ga lambobin riga ko wani ɗan tambari da launin bakan gizo, kuma sai ka ji wane bai buga ba, wane an ci shi tara. Ni dai na san na Gana Gueye sadda yake PSG, da na Camara ɗan Mali da ya liƙe tambarin da sikoci. Wani abokina ya rantse wai dokar FIFA ce, ni na ce Faransawa ne sunka ƙirƙiro abinsu. Kuma in an ce ba a son siyasa da addini cikin fili, to wanga mine ne? Don Allah wanda ya sani ya yi muna bayani, ban da zage-zage.

Koci na Yantala:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kai ka ci gardama, ba dokar FIFA ba ce. Hukumar da ke shirya gasar Faransa wato LFP ita ta fara abin a 2019 saboda ranar 17 ga Mayu, ranar da suka ware ta yaƙi da ƙyamar 'yan luwaɗi da maɗigo. Gueye a Mayun 2022 ne, wasan Montpellier, ya tafi tare da ekip amma bai fito ba, kocinsu Pochettino ya ce dalili ne na kansa ba ciwo ba. Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon Faransa ya rubuta mai takarda ya zo ya yi bayani, Macky Sall kuwa yana shugaban Senegal lokacin ya fito ya ce a girmama addinin yaron. Ba a dakatar da shi ba. A 2023 Aboukhlal ɗan Maroko na Toulouse ya ƙi, Mostafa Mohamed ɗan Masar na Nantes ya ƙi, kulob ɗinsa ya ci shi tara kuma bai fasa ƙi ba a shekarun da suka biyo. Camara na Monaco shi ne 2024, ya buga, har ya ci fanareti, amma ya rufe tambarin kuma bai shiga hoton da 'yan wasa suka yi tare kafin wasa ba, aka ba shi wasa 4. Ka lura da bambancin, wanda ya zauna gida tsakaninsa da kulob ne, wanda ya shiga fili ya taɓa rigar shi ne kwamitin ladabtarwa ke kamawa. Kuma ba musulmi kaɗai ba ne, a 2025 Matic ɗan Sabiya na Lyon shi ma ya rufe, aka ba shi wasa 2 tare da Ahmed Hassan na Le Havre.
FIFA ma ai akasin haka ta yi a kofin duniya na Katar 2022. Ƙasashen Turai 7 sun so kyaftin ɗinsu su ɗaura kambun OneLove mai launuka na nuna ƙin wariya, FIFA ta ce duk wanda ya ɗaura katin gargaɗi tun kafin a take ƙwallo, duka suka janye. Shi ne Jamus suka rufe baki da hannu wajen hoto, Japan ta ba su 2 da 1.

Abba Boukoki:
Koci ka faɗi yadda abin yake amma ni abin da ke ƙona min rai ma'auni biyu ne. Dokar wasa ta 4 ta ce ba a rubuta saƙon siyasa ko addini ko na ra'ayin kai a kayan wasa, to madalla mun yarda. Kanouté a 2009 ya ci ƙwallo a Sevilla ya ɗaga riga an ga Falasɗinu a rubuce, tarar Yuro 3,000, kusan miliyan 2 na sefa kenan. Özil ya yi magana kan musulmin Uighur na Sin a 2019 Arsenal ta yi maza ta ce ba ruwanta da siyasa. El Ghazi kulob ɗin Mainz na Jamus ya kore shi a 2023 kan maganar Gaza sai da ya je kotu ya ci su. Faransa ɗin nan dai ita ce ta hana alƙalan wasa tsayar da wasa minti ɗaya don mai azumi ya kurɓi ruwa, alhali a Ingila ana tsayawa. To in ɗan wasa ne ya zo da saƙonsa laifi, in hukuma ce ta zo da nata dole ka sa a ƙirjinka ko a hukunta ka, wannan wane irin 'yanci ne fisabilillahi? Gueye bai zagi kowa ba bai ce a daki kowa ba, shiru kawai ya yi.

Inna Rabi, Plateau:
Ƙanena Abba, maganar ma'auni biyu ba zan musa maka ba, ta El Ghazi da ta azumi ni ma sun min ciwo. Amma ku riƙa duba inda abin ya samo asali, ba haka kawai suka tashi da safe suka rina lambobi ba. Ku nemi labarin Justin Fashanu, ubansa ɗan Najeriya ne, shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan 1 a Ingila, daga Norwich zuwa Nottingham Forest a 1981. A 1990 ya faɗa wa jarida cewa shi ɗan luwaɗi ne, daga nan zagi a kowane fili, ɗan uwansa John ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a, 1998 aka tsince shi ya rataye kansa a Landan yana da shekara 37, bayan wani zargi da aka yi masa a Amurka wanda ya musanta. Shekara 32 aka yi kafin wani mai buga ƙwallon kuɗi a Ingila ya sake fitowa ya faɗa, yaro ne Jake Daniels na Blackpool a 2022, shekararsa 17. A Faransa kuwa waƙoƙin da magoya baya ke rerawa ba su faɗuwa a gaban manya, har a 2019 alƙalin wasa ya tsayar da wasan Nancy da Le Mans saboda su.
Ni musulma ce na san abin da addinina ya ce kuma ba na neman a canza min shi. Amma taron mutum dubu 30 su tasa ɗan Adam guda da ihu da zagi, wannan mun san zafinsa tun da mu ake wa kukan biri ana jefa wa ayaba. Masu shirya abin cewa suke ma'anar tambarin kar a wulaƙanta kowa ne, ba wai ka yarda da aikin ba. Su Camara kuma suna ganin in ka sa ka yarda kenan. Kowane ɓangare abin da yake karantawa a ƙyallen daban.

Abba Boukoki:
Inna ai in kar a wulaƙanta kowa ne sai su rubuta haka da baƙi da fari, wallahi ba wanda zai liƙe shi.

Ɗan Adar, Tawa:
Na gode ƙwarai, Koci ka fisshe ni kunya gobe abokina shi ka sayen sukari. To Ingila fa, su ma dakatarwa sukai? don ban taɓa jin an hana wani wasa can ba.

Koci na Yantala:
A'a, Ingila ba su tilasta ba. Nasu sunansa Rainbow Laces, tun 2013 da wata ƙungiyar kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo Stonewall, da igiyar takalmi mai launin bakan gizo aka fara daga baya kambun kyaftin ya shigo. Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba 2024 aka ga abubuwa uku cikin mako guda. Sam Morsy kyaftin ɗin Ipswich ɗan Masar ya ɗaura kambunsa na kullum, kulob ya ce saboda addininsa ne kuma sun girmama, ba abin da aka yi masa. Guéhi na Crystal Palace, kirista ne babansa malamin coci, shi ya ɗaura na bakan gizon amma ya rubuta a kai cewa yana son Yesu, hukumar ƙwallon Ingila FA ta tuna masa dokar hana rubutun addini, wasa na gaba ya sake rubuta wani, nan ma ba hukunci. Man United kuma Mazraoui ya ce ba zai sa jaket ɗin da aka ɗinka don ranar ba, sai duka 'yan wasan suka bar ta don kar a gan shi shi kaɗai, wasan Everton kenan. A 2025 Premier League ta raba gari da Stonewall ɗin ma.
Abin da na ƙara lura da shi, kuɗi na magana a nan fiye da yadda ake zato. Henderson na Liverpool yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya kan goyon bayan abin, 2023 Al-Ettifaq ta Saudiyya ta kira ya tattara ya tafi, waɗanda suka yaba masa jiya suka dawo suna yi masa ihu a Wembley, wata 6 ya bar can ya koma Ajax. Camara shi kuma bayan hukuncin bai ƙara kaka a Faransa ba, Al Sadd ta Katar ta saye shi.

Inna Rabi, Plateau:
Koci ka manta ƙwallon mata, can 'yan wasa da yawa ba su ɓoye ba kamar Rapinoe ta Amurka da Sam Kerr ta Ostareliya, kuma ba ka jin irin wannan hayaniyar a tiribin. Ɗan Adar ka ce wa abokinka ya haɗa da na'ana'a in zai sayo sukarin.