Land Rover ɗin mahaifina ta ƙi shiga giya bayan gyara

Mai tambaya, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Land Rover Series III ce ta 1978, mai inji lita 2.25, wadda marigayi mahaifina ya yi ta kai riɗi da dawa da ita daga gona. Shekara biyu ina tara kuɗi ina gyaranta kaɗan-kaɗan. An taɓa inji, an sa sabon filet ɗin kuloci, an yi fenti. Yanzu in inji a kashe yake, giya na shiga sumul. Da na tayar, ta ɗaya da ribas sai gurnani, kamar ana niƙa tsakuwa. Usta, wato bakanike, ya ce jarboks ne, wato giyabos, a sauke. Raina bai kwanta ba, don a wannan motar sai an cire kujeru da daɓen ciki kafin giyabos ya fito. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Tsohon direba, Maiurno: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka bari a sauke komai tukuna. Ai ka ba da amsar da bakinka: giyar da ke shiga in inji na barci, ta ƙi in ya farka, ba ita ce mai laifi ba. Kuloci ne bai saki gaba ɗaya. Kulocin motar nan da man birki yake aiki, akwai silinda a sama wajen feda, akwai ƙarama a ƙasa jikin giyabos. Ka tayar da mota, ka taka feda sau biyar da sauri, ka riƙe, ka gwada ta ɗaya. In ta shiga, iska ce a layin. Ni tawa sati uku ta wahalar da ni haka, muna fitar da iska tana dawowa. Ashe yaron gareji ne ya ɗaura ƙaramar silindar a kife, ƙusar fitar da iska na kallon ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za ka yi kana matsawa ba za ta fita ba.

Wani daga Kassala: Yaya, tawa tiyon roba ne. Daga waje lafiya lau, amma ya tsufa, in an taka sai ya kumbura maimakon ya tura mai. Ka sa wani ya taka, kai ka riƙe tiyon da hannu.

Bakanike, Madani: Gaskiyar Baffa na Maiurno ce. Sai dai ina da tambaya: ta daɗe a ajiye bayan an sa filet ɗin? Wata da aka kawo mini ta yi damina guda a tsaye, danshi ya sa filet ya manne da faifan ƙarfen bayan inji saboda tsatsa. Feda na tafiya daidai, amma ba abin da ke rabuwa. Muka ɗumama inji, muka kashe, muka sa giya, muka tayar da ita a fili da kuloci a take, aka ɗan daddanna birki, sai ji muka yi ɓas, ta saki. A fili fa, inda ba yara ba dabbobi, don tsalle take yi gaba.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin kwanon kuloci. Akwai rami da ake toshewa da noti in za a ratsa ruwa ko caɓi, irin wannan baƙar lakar taku ta Gadarif. Mutane na mantawa su cire bayan sun fito, baƙin mai ya taru a ciki ya jiƙa filet. Abin na ba ni haushi ƙwarai, sabon kaya ya lalace saboda noti ɗaya.

Tsohon direba, Maiurno: Na manta ban faɗa ba. Ka tabbatar giyabos ɗin nata ne na asali. Waɗannan motocin an sha yi musu dashe. Na Series IIA ba shi da zoben daidaita gudu a ta ɗaya da ta biyu, mu da muka koyi tuƙi da shi sau biyu muke taka kuloci: ka taka ka dawo firi, ka saki, ka sake takawa ka sa. Daga 1971 da Series III ta fito ne duk giya huɗu suka samu zoben. Ribas kuwa ko a motarka ba shi da shi, shi ya sa yake fara kuka kafin kowa.

Mai tambaya, Gadarif: Baffa, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na gwada, takawa ta huɗu giya ta shiga shiru. Na kwanta ƙarƙashi da tocila, ga ƙusar nan tana kallon ƙasa kamar yadda ka faɗa. Mun juya silindar, mun fitar da iska, ƙanena na takawa ina buɗewa. Na zaga da ita unguwa, Inna na bakin ƙofa tana share hawaye, ta ce ƙarar injin ba ta canza ba tun zamanin mahaifina. Ta biyu tana ɗan ƙyaƙƙyas da safe kafin mota ta yi zafi. Usta na Madani, man giya EP90 zan zuba, ko akwai wanda ya fi dacewa da zoben tagullar nan?