Ina neman Hausar "party unity score" kafin labarun ƙarfe 8

Ƙanwar Zango: Salamu alaikum. Rahoto ne kan majalisun jihohin Amurka, ana cewa wance tana bin jam'iyyarta a kashi kaza cikin ɗari na ƙuri'u. Sun kira shi party unity score. Na sa "biyayya ga jam'iyya", edita ya ce bai gamsu ba. Yayyena, a taimaka.

Malam na Birni: Editanki na da gaskiya. Biyayya hali ne, wannan kuwa lissafi ne. Ba kowace ƙuri'a ake ƙirgawa ba, sai wadda mafi yawan ƴan Democrat suka tsaya gefe guda, mafi yawan ƴan Republican suka tsaya ɗaya gefen. Misali an kaɗa ƙuri'a sau 200, an rabu a 80. Ɗan majalisa ya halarci 70 daga ciki, ya bi nasu a 63: kashi 90 ke nan. In kika raba da 80, kina ɗaukar rashin zuwa tamkar bijirewa, ya faɗo kusan 79. In kuma kika cusa 120 ɗin da kowa ya ce i, ya haura 96, har ɗan tawaye ya fito kamar na kirki. Ki duba wanne rahoton ya yi. Ni "ma'aunin bin jam'iyya" zan ce.

Tafinta: Mizanin biyayya ya fi daɗin kunne.

Baba Garin Malam: Mizani Larabci, jam'iyya Larabci, ƙuri'a Larabci. Ina Hausar? Ku ce "awon akala". Raƙumi da akala, inda aka ja shi nan ya nufa. Gajere ne, tsohuwa a Mirriya za ta gane.

Malam na Birni: Baba, za ta gane zagi ne. Mutum na iya kai kashi 95 don ra'ayinsa ne ya zo ɗaya da na jam'iyya, ba wanda ya ja shi. Adadin ba ya faɗin dalili.

Baba Garin Malam: To ku ci gaba da jiran Kano ta yanka muku. Duk abin da gidajen rediyon waje suka faɗa sai ku haɗiye. Damagaram ta yi sarauta da wannan harshe tun zamanin Sarki Tanimun.

Tafinta: Akala ma fa, Baba, ku bincika asalinta kafin ku rantse.

Baba Garin Malam: Yaro, ni za ka koya wa?

Hajiya mai koyarwa: Ku bar wannan, yarinya na da aiki. Ƙanwata, tarkon na wajen "jiha". Mai saurare a nan in ya ji jiha, jihar Damagaram zai ɗauka, ya zaci kansilolin jiha ake nufi. Ki ce majalisar dokokin jiha a Amurka, mai yin dokar kanta. Kada kuma ki haɗa shi da discipline de vote da depitocinmu suka sani, wannan umarni ne daga shugaban rukuni. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010 cewa ya yi depite da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakinsa ya hau. Can Amurka babu wannan. Sannan awon na yiwuwa ne kawai in an rubuta ƙuri'ar kowa da sunansa. Ƙuri'ar murya ba ta ƙirguwa. Nebraska ma daban take: majalisa ɗaya ce, kuma ba a sa sunan jam'iyya a takardar zaɓen ƴan majalisar.

Ƙanwar Zango: Ma'auni ya yi mini nauyi a baki. Zan karanta: "yawan bin jam'iyya a ƙuri'un da aka rabu, kashi kaza cikin ɗari". Ya yi?

Malam na Birni: Ya yi tsawo, amma ba ƙarya ciki. A karo na biyu ki taƙaita, "yawan bin jam'iyya".

Baba Garin Malam: Jimla ce wannan, ba kalma ba. Ku karanta abinku yau. Ni dai awon akala zan ci gaba da cewa.