Iyo da motsa jiki ga wanda aka dasa wa na'urar kemo a ƙirji

Baban Amira:

Assalamu alaikum. An yi mini aikin ciwon dajin hanji, kuma likitoci sun tsara mini kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, zagaye 12, duk bayan mako biyu, da haɗin magungunan da ake kira FOLFOX. Saboda jijiyoyin hannuna suna wuyar samu, an dasa mini na'urar Port-a-Cath, wadda ake zuba maganin cikin jini ta cikinta, a ƙarƙashin fatar ƙirji ta ɓangaren dama, kuma ɗinkin ya riga ya kame. Kafin wannan lalura ina yin iyo a wurin ninƙaya na wani otal, ina kuma buga ƙwallo da yamma. Yanzu iyalina ba sa bari in ɗauki ko da buta, alhali zaman nan yana ƙara mini kasala. Shin zan iya komawa ruwa da wannan na'ura a jikina, kuma wane motsa jiki ne ba zai taɓa ta ba?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na'urar tana zaune gaba ɗaya a ƙarƙashin fata, kuma siririn bututunta ya bi ta babbar jijiya har zuwa kusa da zuciya, don haka muddin fatar a rufe take, ruwa ba shi da hanyar shiga. Wannan ne ya bambanta ta da bututun da ake bari a waje a dantse ko a ƙirji, waɗanda masu su ba a yarda su yi iyo sam. Yawanci yankan kan warke cikin kusan mako biyu, amma likitan da ya yi aikin ne zai duba ya tabbatar.

Sai dai akwai lokutan da ƙofar take a buɗe. A tsarin FOLFOX ana sallamar mutum gida da allura a cikin na'urar, haɗe da ɗan famfon da ke tura maganin fluorouracil a hankali na tsawon awa 46. A wannan lokaci ba iyo, ba jiƙa filastar, ko wanka ma sai an kare wurin. Bayan an cire allurar, a ba hujin aƙalla kwana ɗaya ya rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne garkuwar jikinka. Fararen ƙwayoyin jini sukan ragu sosai tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kemo, kuma ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma san ta shige shi ba tana iya kwantar da kai a asibiti. Ka nemi sakamakon gwajin jininka kowane zagaye, ka tambayi likitanka kai tsaye ko adadin ya isa ka shiga ruwan da jama'a ke shiga. Idan zafin jikinka ya kai digiri 38, ka tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ka ce maleriya ce ka sha farasitamol ka kwanta.

Malam na Tudun Wada:

Ni ma wannan haɗin aka yi mini, kuma akwai abin da ba a ambata ba, wato sanyi. Ɗaya daga cikin magungunan, oxaliplatin, yana sa jiki ya kasa jure sanyi na wasu kwanaki bayan kowane zagaye. Idan na ɗauko ledar ruwa daga firji sai yatsuna su ɗauki zir kamar na taɓa wayar lantarki, idan kuwa na kurɓa sai maƙogwaro ya shaƙe har in ji numfashi na neman gagara ta. Wannan shaƙewa ba ta daɗewa, amma a tsakiyar ruwa mai zurfi tana iya zama halaka. Ban taɓa shiga ruwa a makon farko ba, a lokacin hunturu kuwa na haƙura gaba ɗaya. Kada kuma ka shiga kai kaɗai.

Rafi da dam da kududdufi kam ka manta da su har ka gama magani, domin ban da ƙazantar da ke gangarowa cikinsu, da yawa a Arewa suna ɗauke da tsargiya. Ko wurin ninƙayar otal ɗin ma ka tambayi mai kula da shi yaushe ya zuba kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kuma in ba ka iya hango ƙasan ruwan sosai, ka koma gida. Fluorouracil yana sa rana ta ƙona fata da sauri, don haka bayan la'asar ya fi.

Mai gashin ƙashi:

Ina girmama kulawar iyalinka, amma hana ka motsi ba ya cikin magani. Hana ɗaukar abu mai nauyi, kamar abin da ya wuce kilo 4 ko 5, na kwanakin farko ne bayan dasa na'urar. A shekarar 2019 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta fitar da shawarar cewa masu ciwon daji su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 30 sau uku a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu, saboda an ga hakan yana rage gajiyar da kemo ke kawowa da damuwa. Tafiya da sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga, ita ce mafi kyawun farawa.

Ƙwallo kuwa ban ba ka shawara ba. Tarar ƙwallo da ƙirji ko gwiwar hannun abokin wasa tana iya fasa fatar da ke kan na'urar ko ta juyar da ita, kuma idan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu, ƙaramin buguwa ma yana tara jini. Game da iyo, ka tambaya ta wace jijiya aka bi. Idan ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ce, yawan wurga hannu sama da kai yana iya matse bututun tsakanin wannan ƙashi da haƙarƙarin farko har ya lalace. Idan ta jijiyar wuya ce, wannan matsala ba ta taso ba. Duk ranar da ka ga hannun dama, wuya ko fuska sun kumbura, ko wurin ya yi ja yana zafi, ka dakata ka je a duba, domin yana iya zama gudan jini ko ƙwayar cuta.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi likita, ya ce ta jijiyar wuya aka bi, kuma ya amince in fara tafiya tun yanzu. Iyo kuwa ya ce sai ya ga gwajin jinin zagaye na gaba, sannan ya zaɓa mini kwanakin da suka dace.